Zaren Inna da Hannuna na Hagu

Shekarar da sojoji suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, ita ce shekarar da Inna ta daina sanina. Babu abin da ya haɗa biyun, amma a kaina tare suke. Duk sanda na tuna yadda take kallona kamar baƙuwa, sai in ji rediyon maƙwabta yana ta maganar rantsar da sababbin shugabanni.

A Makera muke a lokacin, cikin Kaduna, gidan haya mai ɗakuna a jere, ƙofa na kallon ƙofa. Maigidana yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, ni kuwa saƙa nake yi a gida: hulunan jarirai, safa, shawul, suwaitar 'yan makaranta. Da allurai biyu na fi yi, kwarashi sai in aikin na gaggawa ne. Ulun kasuwa nake saye, mai sheƙin nan da in ya kusanci wuta yake narkewa kamar leda. Ina da hannu, ba yabon kai ba. Daga unguwar Nasarawa har unguwar Television, mace in ta kusa haihuwa, akwai wadda za ta nuna mata ƙofata.

Inna kuwa kaɗi ta sani. A ƙauyenmu, can wajen Funtuwa, ƙasar auduga, masaƙa tun daga bakin kasuwa suke tarye ta don kada wani ya riga su ga zarenta. Na tashi ina ganinta da mazari kamar yadda ake ganin mutum da yatsunsa. Ni ce dai ban gada ba, kuma dalilin a fili yake: bahaguwa ce ni. In na ɗauki mazari, hagu ne ke murzawa, shi kuwa hagu baya yake juya shi. Maimakon in ƙara a kan abin da ta kaɗa, sai in warware mata shi. Inna ba ta da dogon wa'azi. Bayan hannuna take ɗalla wa mari, ta ce, "Ajiye min mazari, bahaguwar banza, je ki ɗebo ruwa." Na sha wannan marin har na tsani kaɗi da duk abin da ya shafe shi. Da aure ya kawo ni Kaduna na ga ana koyar da saƙa a zumuntar mata ta cocinmu, na ga hannu biyu ne ke aikin, ba ruwan kowa da wanda ya fi ƙarfi, sai na ce to, ga tawa sana'ar.

An kawo mana Inna ne bayan ta fara barin tukunya a wuta, tana fita ta rasa hanyar gida. Da farko takan gane ni yau, gobe ta manta. Kafin damina ta kankama abin ya tafi gaba ɗaya. Sai ta raɗa min sabon suna, baiwar Allah. In na kai mata koko ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Na gode, baiwar Allah, Allah ya saka." Matar da ba ta taɓa yi min godiya ba tun da ta haife ni! Wannan ladabin ya fi zagi ciwo. Da yamma kuma sai ta tambaye ni, "Baiwar Allah, ba ki ga 'yata ba?"

"Ni ce, Inna. Ga ni."

Sai ta yi dariya irin ta wanda yaro ya yi wa wasa. "Ke? 'Yata ƙarama ce."

Ba na roƙon Allah ya warkar da ita, don likita ya gaya mana gaskiya kuma na karɓa. Abu guda nake roƙo, ta gane ni ko da sau ɗaya kafin ta tafi. Babu dabarar da ban yi ba. Na nuna mata tabon ƙunar da ke ƙafata, wanda ita ta yi jinyarsa. Na dafa mata tuwon dawa da miyar kuka yadda take yi. Na rera mata waƙoƙin cocin ƙauye, tana bi da baki ba ta kuskure, in mun gama ta ce muryata da daɗi, 'yar gidan wa ce ni? Wata rana haushi ya kwashe ni na daka mata tsawa, ta tsorata ta takure a lungu, ni kuma na shiga bayan gida na yi kuka na ƙoshi. Ina da saurin fushi, wannan kowa a gidan hayar nan zai shaida.

Inna ba ta yarda da kujera. A ƙasa take zama, ga siminti da sanyi in ruwa ya sauka. Maigidana ne ya tausaya, wata Asabar ya dawo daga wajen 'yan gwanjo da buzu a naɗe. Buzun ba irin namu ba ne, na ƙasar Turawa ne. Tumakinmu gashi gare su gajere kamar na akuya, wannan kuwa ka sa yatsa sai ya nutse. Fari ne mai ɗan duhu, launin madarar da aka dafa. Muka tsaya muna jujjuya shi, har maƙwabciyarmu ta leƙo. Dattijuwa ce 'yar Filato, tana sayar da dankalin Turawa da kabeji a kasuwa, kuma ta iya saƙa tun tana budurwa, don a garinsu sanyi ba ya wasa. Ta shafa buzun ta ce, "Madam, wannan shi ne ulu na gaskiya. Wanda kike saye ɗin nan roba ne zalla."

"Mama, yau kuma sana'ata kika tashi zagi?"

"Ni ban zage ki ba o. Sinsina ki ji."

Na sinsina. Warin dabba ne, can ƙasa-ƙasa. Shekara da shekaru ina kiran kaina mai saƙa ulu, ranar na fara taɓa shi.

Muka shimfiɗa wa Inna, ta zauna. Ba a jima ba na lura buzun ya fara sanƙo ta gefe guda. Na kama ta tana tsige gashin kaɗan-kaɗan. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai idona ya sauka a kan cinyarta. Zare ne kwance a wurin, tsawon kamu guda, siriri, sumul, ba kumburi ba rama. Da yatsu kawai ta murza shi. Na durƙusa na jawo taskirarta daga ƙarƙashin gado, wadda aka haɗo da kayanta daga ƙauye ba wanda ya buɗe. Komai na nan: mazari da gululun yumɓunsa a gindi, guntun alli, da 'yar sakainar da take kafa bakin mazarin a ciki, ta yi santsi don tsufa. Na ajiye a gabanta.

Abin da na gani ranar nan, har in mutu ba zan gama mamakinsa ba. Wannan matar cokali ba ya kaiwa bakinta sai rabin kokon ya zube. Ba ta san ɗaura zane ba, ba ta san safe da yamma ba. Amma ta kalli taskirar nan, ta goga alli a yatsunta, ta gyara zama, ta ɗauki gashin ta yayyage shi har ya tashi kamar audugar da aka shiɓa. Ta kafa mazari a sakaina, ta murza da dama. Rawar hannun ta tsaya cak. Mazarin ya miƙe yana juyi har ka rantse a tsaye yake, hagunta ya ɗaga sama a hankali, zare yana fitowa daga cikin gashin kamar dama can yana ciki, ita kawai jawo shi take yi. Ta kai iyakar hannu, ta sauke, ta naɗe, ta sake murzawa. Ba ta ko kallon abin da take yi.

Ina yarinya na ga wannan ba adadi, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Na tsaya ina tambayar kaina, a ina wannan sanin ya ɓuya? Ciwon ya shiga kanta ya kwashe sunan mijinta, ya kwashe ƙauyenmu, ya kwashe ni, amma bai san hanyar da zai bi ya kai ga yatsun nan ba. Na ji tsoron Allah irin wanda ban taɓa ji a coci ba.

Mutanen gida suka taru. Maigidana yana shirin fita aikin rana, ya ajiye kwanon abincinsa ya tsuguna. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce min a hankali, shi kullum a gaban injin zare yake yini, amma bai taɓa ganin daidai wurin da auduga ke zama zare ba, saboda gudun injin ya fi ido. "Ashe ga wurin," in ji shi, yana nuna tsakanin yatsun Inna da gashin. Ita kuwa ta kai gashin hanci, ta yamutsa fuska ta ce, "Wannan audugar warin tunkiya take yi. Wa ya shuka ta?" Gidan ya kwashe da dariya, har da ni da hawaye a fuska.

Daga nan muka samu abin yi, ni da ita. Na sa almakashi na aske buzun tas. Maƙwabciyata ta gargaɗe ni kada in kuskura in sa ruwan zafi ko in cuɗa, in ba haka ba gashin zai dunƙule ya zama tabarma. Na jiƙa shi a ruwa mai ɗumi, na matse a hankali, na shanya a faifai a inuwa, ina gadin sa saboda ruwan sama da kajin gida. Da safe in na gama yi wa Inna wanka, sai in ajiye mata taskira. Tana kaɗi, ina gefe ina saƙar mutane. A waje maza na ta gardama ƙarƙashin mangwaro, wannan ya ce farar hula za su tayar da masaƙu, wancan ya ce mu dai zuba ido. Fastocin 'yan takara da aka manna a katangarmu ruwa ya wanke su sun zama fari. Mu a ɗaki ba ka jin komai sai ɗan gurnanin mazari da ƙarar alluraina. Ba ta san ni ba, amma ta daina neman hanyar fita, kuma tana cin abinci. Da gashin ya ƙare maigidana ya sake zagaya 'yan gwanjo har ya samo wani buzun.

Dunƙulen zare ya taru a kwando, na yanke shawarar suwaita zan saƙa mata da shi, tunda kullum cikin jin sanyi take. Saƙa da zaren nan wani abu ne dabam. Ulun kasuwa ba ya ce maka komai, santsi kawai. Wannan yana da ɗan maiƙo, yana ɗumi a hannu tun kafin ya zama riga, kuma ina jin Inna a cikinsa. Inda ya fi siriri na san da safe ne, tana da ƙarfi. Inda ya ɗan yi kauri na san gajiya ta fara. Na saƙa gaba, na saƙa baya, na saƙa hannuwa, na haɗa. Ban taɓa yin aiki da natsuwa irin wannan ba. Na wanke ta, na shanya, na sa wa Inna.

Ai kuwa sai ga abin kunya. Ɗinkin gefen da ya kamata ya sauko daga hammata zuwa ƙugu, ya kama hanya ya zagayo har cibiya. Na ɗaya gefen ya tafi gadon baya. Duk rigar ta murɗe a jikinta kamar an matse tsumma. Na ja nan, na ja can, ina saki tana komawa. Inna na tsaye abinta, tana shafa hannun rigar tana cewa an gode. Maƙwabciyata ta shigo, ta kalla sau ɗaya, ta dafe ƙofa tana dariya har da tari.

"Sori, Madam, sori. Amma wannan rigar ina za ta? Kamar tana so ta waiwaya!"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata in dariya ta kawo ta, ƙofa a buɗe take. Na warware suwaitar gaba ɗaya, na ce laifin hannuna ne, zumuɗi ya sa na ja zare da yawa. Na sake saƙa baya kawai, a hankali, ina duba kowane layi. Ina cire shi daga allura ya karkace kamar na farko. A nan na sauke girman kai na tafi ɗakinta da zaren a hannu.

Ba ta rama ba, Allah ya saka mata. Ta warware zaren kamar kamu biyu, ta kama bakinsa biyu ta matso da su kusa. Nan take tsakiyar ta murɗe kanta ta yi tsalle ta dunƙule. Ta ce, "Kin gani? Zaren nan bai huta ba. Gefe ɗaya aka murɗa shi, kullum so yake ya koma inda ya fito. Mamanki don masaƙa take kaɗi, su suna ɗaure zare tamau, ba shi da ikon motsi. Ke kuwa saƙarki sako-sako ce, duk inda ya ja riga za ta bi." Ta ɗauko guntun ulun kasuwa daga aljihun jakata, ta buɗe shi da farce. Ashe silli-silli ne aka haɗa. Ta ce maganin shi ne a haɗa zare biyu a murɗa su ta baya, kamar tufkar igiya, wannan ya ja, wancan ya ja, sai su kwanta.

"To ki yi min, Mama."

Ta nuna min yatsunta da sanyin ƙashi ya kumbura. "Da waɗannan? Ni ko da can ban iya mazari ba. A garinmu gani kawai na yi ana yi."

Na koma wajen Inna. Na ɗaura zare biyu a mazari na miƙa mata, na kama hannunta ina nuna mata baya. Ina! Hannun da ya yi shekara saba'in ko fiye yana bin hanya ɗaya, ni ce zan juya shi? Ta murza yadda ta saba, zaren ya ƙara tauri ya ƙudundune kamar tsutsa. Na sake kama hannun, ta fizge, ta ce cikin ladabin nan nata, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri, kina ɓata min aiki." Na bar ta.

Saura ni. Rabona da mazari tun kafin in yi aure. Na jira Inna ta yi barcin rana, na ɗauka da dama kamar mutumin kirki, na yi ƙoƙarin murza shi baya. Ya yi juyi biyu ya kife. Na sake, ya fita daga sakaina ya gangara ƙarƙashin gado. Kwana da kwanaki ina wannan fama, babban yatsana har ya yi kanta, ban haɗa zaren da zai ɗaure bakin buhu ba. Na zagi mazarin, na zagi tunkiyar da ta yi gashin, na zagi Baturen da ya sayar da buzun. Ga kwando cike da zaren da uwata ta kaɗa da ragowar hankalinta, ga ni mai saƙar unguwa guda, na rasa yadda zan yi da shi.

Wata Laraba da la'asar aka yi ruwa aka ɗauke. Indararo na ɗiga a bokiti, tsakar gida ba kowa. Inna na zaune a tabarma kusa da ni, ta zuba wa bango ido, irin zaman da takan yi ba ta nan. Na sake ɗaukar mazarin. Dama ya gaji, na sauke shi ina yarfewa, kuma wallahi ban yi niyya ba, hagu ne ya kai kansa. Ya kama, ya murza.

Mazarin ya miƙe. Ya tsaya a kan bakinsa yana juyi, baya, baya, ba tangaɗi. Na ɗaga dama da zare biyun, na ga suna naɗe juna tun daga ƙasa suna hawowa, ɗaya bisa ɗaya, har suka zama guda mai kauri da laushi. Na tsayar, na kama baki biyu na matso da su yadda maƙwabciyata ta yi. Zaren ya sauko ya yi lilo, ya kwanta. Bai murɗe ba. Hannun da aka yi ta mara, hannun da ba a karɓar abu da shi, ba a ba babba abu da shi, ashe akwai aikin da yake jira wanda dama ba zai iya ba. Inna ta kaɗa gaba, ni in mayar baya, sai da mu biyu zaren zai zauna lafiya. Na naɗe, na sake murzawa, na sake. Na manta da kowa.

Sai ji na yi tas a bayan hannuna.

Marin ba ƙarfi, amma wurin ne, daidai wurin. Mazarin ya faɗi. Na ɗago. Inna ta matso har gwiwarta na taɓa tawa, ta haɗe gira, idonta a kaina sosai, ba ta bayana yake kallo ba. Ta kira sunana. Ba wanda ke takardar coci ba, na gida, wanda ba mai kirana da shi a duk Kaduna.

"Sau nawa zan gaya miki ba a kaɗi da hagu? Ajiye min mazari, bahaguwar banza!"

Na ji tsoron in motsa abin ya watse. Da kyar na ce, "Inna, wa kike wa faɗa?"

"Wa kuwa in ba ke ba? Ina da wata bahaguwar ne bayan ke? Tun kina rarrafe da shi kike kai tuwo baki, na yi na yi kin ƙi ji."

"Na ƙi ji, Inna."

"Kin ƙi ji mana. Taurin kan ubanki."

Sai ta ƙura min ido. Faɗan ya sauka daga fuskarta a hankali. Ta ɗaga hannu ta tura ɗankwalina baya, ta taɓa gefen kaina da yatsun nan masu alli. Ta ce, "Ke, yaushe kika yi furfura?"

Na kifa kaina a cinyarta, mace da girmana, ina kuka kamar an yi mutuwa. Tana bubbuga bayana tana cewa ya isa, ai marin bai kai haka ba. Ta tambaye ni ko na ci abinci. Na ce na ci. Ta ce ƙarya nake, ga wuyana duk ƙashi. Na yi dariya cikin kukan. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, na dai san ruwan indararo bai gama ɗiga ba.

Daga baya na haɗa zaren duka da hagu, na saƙa suwaitar ta fito sambal, ɗinkin gefe ya sauka inda Allah ya ce ya sauka. Inna ta sa ta damina da sanyi, har ranar da ta cika a shekarar da ta biyo. Suwaitar tana nan a akwatina, ba na bari kowa ya wanke ta sai ni. Duk lokacin da zan haɗa zare, kusa da Inna nake zama, in sa hagun daidai inda za ta gani. Na yi ta jiran marin nan kamar mai jiran albashi. Wani lokaci takan bi mazarin da ido, goshinta ya ɗan tattare, sai kuma ya saki. Bai sake zuwa ba. Ban yi ƙorafi ba, sau ɗaya na roƙa, sau ɗaya aka ba ni.

A ranar Larabar nan dai, jiniyar masaƙa ce ta yi kuka daga Kakuri, ta tashin masu aikin rana. Na ji hannunta ya tsaya a bayana. Na ɗago na share fuska. Ta janye gwiwarta, ta gyara zane, ta dubi ƙofa, ta dubi mazarin da ke ƙasa, sannan ta dube ni da ladabi.

"Baiwar Allah, ba ki ga 'yata ba? Yanzun nan fa tana nan."

Na ɗauki mazarin na mayar mata cikin taskira. Na ce, "Ta je ɗebo ruwa, Inna. Ke kika aike ta."